An bar jaki ana dukan taiki a filin wasan ƴan mata

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen wata kwaleji a Tasawa ko Mayahi da sassafe, ranar da aji ke da darasin motsa jiki, ya san abin da ake nufi. Makarantu da dama ba su da katanga. Filin wasan fegi ne na rairayi, hanya ta ratsa gefensa. Mushe ya busa usur, yara sun jeru, maza a gaba, mata a baya suna jan bakin riga don su rufe gwiwa. Kafin a zagaya fili sau biyu, ƴan kabu-kabu sun kashe inji a gindin dogon yaro, samarin fada sun matso da bencinsu, wani magidanci da ya fito sayen goro ya manta da goron. A da, ido ne kawai da baki. Yanzu ga salula, hoton yarinya ƴar shekara 14 tana tsalle na iya isa Maraɗi tun ita ba ta isa gida ba.

Da yamma magana ta kai kunnen uba. Hukuncin da ake yankewa kusan ɗaya ne ko'ina: a nemo takardar likita a ce yarinya ba ta da lafiyar gudu, ko ta zauna gida ranar wasa. In kuwa dama uban na neman dalili, to ya samu, lakwal ɗin ma ta ƙare ke nan. Mai kabu-kabu ya tada babur ya yi gaba, mai salula na nan da hotonsa, babu wanda ya tambaye su ko kalma ɗaya.

Iyayen da ransu ke ɓaci suna da hujja, kuma wauta ce ɗan boko ya yi musu dariya. Kunya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ba wani ne ya kawo ta daga waje ba. Ita kanta yarinyar, in an tambaye ta, sau da yawa ba ta son ɗan guntun wandon da ke jikinta. Daga dilar gwanjo ya fito, an ɗinka shi don wata ƙasa da wata al'ada, shi ne abin da kuɗin uwarta suka iya saya. Ma'aikatar ilimi ta sa darasin a jadawali, ta sa shi cikin jarrabawar BEPC, amma abin da ƴar talaka za ta sa a jikinta an bar shi tsakaninta da mai gwanjo.

Yana da kyau a san inda irin waɗannan tufafi suka samo asali, tunda samari na kallon su kullum a waya suna zaton haka wasa ya gada. A Amurka akwai ƴan matan da ke rawa da kirari a bakin fili don zuga ƴan wasa da ƴan kallo. Lokacin da al'adar ta soma a jami'ar Minnesota a 1898, maza ne ke yin ta, sanye da cikakkun tufafi. Mata sun mamaye ta ne a shekarun 1940, da yaƙi ya kwashe samari. A 1972 ƙungiyar ƙwallo ta Dallas Cowboys ta fito da nata ƴan matan cikin tufafin da ba su fi tafin hannu ba, gidajen talabijin suka ga riba, sauran ƙungiyoyi suka bi, har salon ya gangaro makarantun yara. Duk ɗan kasuwa ya gane wannan lissafi: an yi wa haja ado ne don a ja mai saye, sai dai hajar a nan ƴaƴan mutane ne.

Matan Turai da kansu sun gaji. A watan Yuli na 2021 hukumar ƙwallon hannu ta Turai ta ci tarar ƴan wasan Norway mata na ƙwallon bakin teku yuro 1,500, kusan miliyan guda na sefa, saboda sun sa gajeren wando a maimakon ɗan kamfen da doka ta tilasta musu, alhali maza na wasan da wando har kusa da gwiwa. Surutu ya yi yawa, kafin shekarar ta ƙare aka sauya dokar. A wasannin Olimpik na Tokyo, a shekarar dai, ƴan wasan alkafura na Jamus mata suka fito da kaya masu rufe ƙafa har idon sawu. Faransa kuwa ta bi ta ɗaya gefen, ta hana nata ƴan wasa sa hijabi a Olimpik na Paris a 2024. Wani ya ce tuɓe, wani ya ce kada ki rufe, wani a nan gida ya ce in kin fita fili kin fita daga tarbiyya. Dukansu a ofis ko a zaure suke zaune, babu mai yin gudun a cikinsu.

Amma maganar tufafi, in don ita ce kawai, ba ta kai a tara taro ba. Tun 2014 hukumar FIFA ta halatta wa mata rufe kai a ƙwallon ƙafa, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, kuma a 2023 ƴar Maroko Nouhaila Benzina ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. Tekiath Ben Yessouf, wadda ta wakilci Nijar a taikwando a Tokyo har ta kai ga karawar neman tagulla, kayan wasanta sun rufe ta daga wuya zuwa idon sawu. Dogon wando mai faɗi, riga mai hannu da ta sauko ƙasan ƙugu, ɗan hijabi mai kama kai wanda ba zai harɗe yarinya in tana tsalle ba, duka na auduga saboda zafin Afrilu da Mayu: wane tela ne a kasuwar Tasawa ko ta Kanambakashe zai ce wannan ya fi ƙarfinsa? Attajiran da ke sauke yadi daga Kantin Kwari ta Kano, waɗanda sunayensu ke cika lasifika ranar kokowa, ɗaya daga cikinsu zai iya tufatar da ƴan matan kwaleji guda bai ji a aljihunsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaton da ake yi cewa da an rufe yarinya an gama. Masu wannan ra'ayi na da karin maganar da suke ji da ita: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. To, a je tashar motar Tasawa, kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, a dubi ƴan talla. Ƴar shekara 12, hijabi har gwiwa, tire bisa kai, tana bin tagogin motoci da gyaɗa ko dafaffen ƙwai. Abin da kunnenta ke ji daga bakin direbobi da kamasho da fasinja, da hannuwan da ke riƙe canji sai ta matso, sun fi ƙarfin abin da ƴar kwaleji ke gani a fili nesa ba kusa ba. Ina warin daddawa a nan? Kuma wa ya taɓa jin an kira taron unguwa a kan haka? Ba a kira, domin tallar na kawo kuɗi gida, gudun kuwa ba ya kawo ko dala.

Abin da ya faru a Mali ya isa ya buɗe idon kowa. A watan Yuni na 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa yadda kocin ƴan matan ƙasar na ƙwallon kwando, ƴan ƙasa da shekara 18, ya daɗe yana neman yaran da lalata, wadda ta ƙi kuma ta sha zaman benci. An kama shi, kuma binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta sa aka yi ya tabbatar da cewa ɓarnar ta yi jijiya, manyan da ya kamata su tsawata sun rufa. Yarinyar da ta fara tona asirin ta sha barazana, ta rasa gurbinta a ƙungiya. Wandon ƙwallon kwando kuwa yana cikin mafiya faɗi da tsawo a duk wasanni. A Amurka, Larry Nassar, likitan ƴan wasan alkafura na ƙasar, ya sha ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a watan Janairu na 2018, bayan mata fiye da 150 sun tsaya gaban alƙali sun faɗi abin da ya yi musu, akasari tun suna yara. A ɗakin duba marasa lafiya ya yi ta'asarsa, ba a filin wasa gaban ƴan kallo ba. A duka biyun mai laifin babba ne mai iko da makomar yarinya, ƙofa a rufe, ita kuma ba ta da wurin kai ƙara sai wurin abokansa. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan yanayi sarai, don ba a filin wasa kaɗai ake samun mai riƙe da maki ko sa hannu ba.

Malamai sun fi kowa sanin cewa a Suratun Nur ayar da ta umarci maza da runtse ido, ta 30, ita ta riga ta 31 da ta yi magana a kan suturar mata. Sun kuma san al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa. Duk da haka tun 1975, da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin fili, ƙarti ke shiga da'ira da cinya a waje, gwamna da sarki da alhazai na tafi, mata na guɗa, ba a rufe fagen don kare tarbiyya ba. Ba kuma ana neman a rufe shi ba ne. Tambayar ita ce me ya sa wa'azin ke da kaifi in ya zo kan ƴar shekara 14, ya dushe in ya zo kan mai gemun da ya tsaya kallonta.

Ƙasar nan ta taɓa ganin inda irin wannan ke kaiwa. A farkon shekarun 1990, ana tsakiyar murnar dimokuraɗiyya, bayan matan Yamai sun yi tattakin 13 ga Mayu 1991 don neman kujeru a shirin Taron Ƙasa, an riƙa tare ƴan mata masu buje a Damagaram da wasu garuruwa ana duka, wai su suka hana ruwan sama sauka. A watan Nuwamba na 2000, saboda bikin nuna tufafi na FIMA da Alphadi ya shirya a Yamai, tarzoma ta tashi a Maraɗi, aka afka wa mashaya da majami'u da gidajen mata marasa aure. Bikin na can nesa da kilomita fiye da 600. Waɗanda aka ƙona wa ɗaki talakawa ne. A Aljeriya, Hassiba Boulmerka ta ci tseren mita 1,500 na duniya a 1991, aka yi mata barazanar kisa saboda ƙafafunta, sai da ta koma Turai yin atisaye, sannan a 1992 ta kawo wa ƙasarta zinariyar Olimpik ta farko a tarihi. Ƴan siyasa, a duk irin wannan hali, sukan ƙidaya ƙuri'u su ja bakinsu su yi shiru, su bar wa mata ranar 13 ga Mayu da atamfa da jawabi.

Abin da ke kan faifai ya wuce gudu da tsalle. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89. Yarinyar da ta taso daga ƙauyen Urafan ko Gidan Amumun ta kai kwaleji ta tsallake rijiya da baya sau da yawa, sau da yawa ma a gidan wani take zaune a gari, nesa da uwarta. Ƙaramin tsegumi ya isa ya mayar da ita gida. Dokar gwamnati ta 5 ga Disamba 2017 ta yi alkawarin kare ƴa mace da tallafa mata muddin tana karatu. Gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003 ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100 ga mai matsa wa mace da neman lalata, ya ƙara nauyi in mai laifin na da iko a kanta. Tarar ba ta wuce kuɗin ragon layya ba, amma ko ita ɗin, uba nawa ne a Korgom ko Sarkin Hausa suka san da ita? Dokar laifukan intanet ta 2019 ta hana yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam. An ga yadda aka yi hanzarin amfani da ita a kan ƴan jarida. Mai yaɗa hoton ƴar mutane a WhatsApp ya fi cancanta da wannan hanzari.

Darakta da kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata ta AME ba sa bukatar izinin Yamai kafin su zauna da ƴan matan su tambaye su irin kayan da suke so, su kai wa tela samfuri. Inda babu kuɗin katanga, zana da darni na kare ido, hukumar gari kuma na da ikon hana fada zama a bakin filin makaranta. Malaman wasanni da cibiyar INJS ta Yamai ke yayewa akasarinsu maza ne, kuma mafi yawansu mutanen kirki. Su ne za su fi kowa cin moriya in aka ce dole wata malama ko uwa daga AME ta tsaya a fili lokacin darasi, ta kuma bi yaran duk sa'ad da za a kai su gasa Maraɗi su kwana, don wannan na wanke mai gaskiya daga zargi. Ƙara kuma kada ta bi ta hannun wanda ake ƙara ko abokin shan shayinsa. A sanar da yara tun ranar buɗe makaranta sunan matar da za su je wurinta, a kuma sanar da su cewa in magana ta kai ta jandarma, jandarma za a kai ta, ba zauren da za a haɗa uba da mai laifi a ce a yi haƙuri a rufa asiri ba.