Sharhi: Haɗewar jam'iyyun hagu a Holan ta farfaɗo da tambayar makomar ƙungiyoyin mata

A watan Yunin 2025 mambobin jam'iyyar ma'aikata ta Holan, PvdA, da na jam'iyyar masu rajin kare muhalli, GroenLinks, suka amince da gagarumin rinjaye su narke su zama jam'iyya guda. Bayan wata huɗu, a zaɓen 29 ga Oktoba, ƙawancen nasu ya sauko daga kujeru 25 zuwa 20 a majalisar wakilai mai kujeru 150, lamarin da ya sa jagoransa Frans Timmermans ya yi murabus. Hankali ya karkata ga batun shugabanci, amma akwai wata tambaya da ta girmi jam'iyyun biyu: mata za su riƙe tasu ƙungiya a cikin jam'iyya, ko kuwa za a ce zamanin hakan ya wuce?

Tushen maganar yana komawa 1905, lokacin da matan jam'iyyar SDAP, wadda PvdA ta gada, suka kafa kulob na farko a Amsterdam ƙarƙashin jagorancin Mathilde Wibaut da Carry Pothuis-Smit. A 1908 ire-iren waɗannan kulob suka dunƙule a ƙungiya ɗaya. Shugabannin jam'iyya maza ba su yi maraba da abin ba, domin a ganinsu gwagwarmayar ma'aikata ɗaya ce, ware mata kuwa raba kan jama'a ne. Duk da haka daga wannan jam'iyya Suze Groeneweg ta fito a 1918 ta zama mace ta farko a majalisar wakilai, a lokacin da mata ke iya tsayawa takara amma ba su da ikon jefa ƙuri'a. Sai a 1919 doka ta ba su wannan iko.

Bayan kafa PvdA a 1946, ƙungiyar ta fi mayar da hankali ga ilimantar da matan aure da tara wa jam'iyya ƙuri'u, aikin da mai karatu a Najeriya zai gane da ofishin shugabar mata. Ko a wannan zamani an ci riba: a 1955 ƙudurin 'yar majalisa Corry Tendeloo ya share hanyar soke ƙa'idar sallamar ma'aikaciyar gwamnati da zarar ta yi aure.

Sauyi na gaske ya zo ne a 1975, sa'ad da ƙungiyar ta ɗauki sunan Rooie Vrouwen, wato Jajayen Mata. Daga nan ta daina zama reshe mai jiran umarni, ta koma mai matsa wa jam'iyyarta lamba kan daidaita albashi, wuraren renon yara, raba aikin gida da na ofis tsakanin miji da mata, da kuma kaso na musamman a jerin 'yan takara. Ien van den Heuvel, wadda ta shugabanci matan, ta hau kujerar shugabancin jam'iyyar baki ɗaya a 1974.

A 1995 aka rushe Jajayen Mata a matsayin ƙungiya mai cin gashin kanta, bisa hujjar cewa batun mata ya zama na jam'iyya duka. Hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Mata sun yawaita a jerin 'yan takara. Femke Halsema ta jagoranci GroenLinks daga 2002 zuwa 2010 kafin ta zama magajiyar garin Amsterdam a 2018, Lilianne Ploumen kuma ta jagoranci PvdA daga 2021 zuwa 2022. Sai dai kujera daban, murya daban. 'Yar majalisa tana bin layin jam'iyya, ƙungiya mai mambobi da shugabanninta kuwa tana iya tashi a babban taro ta ce ba ta yarda ba. Wannan ƙarfi ne ya ragu da aka maye gurbin ƙungiyar da dandalin tuntuɓar juna, irin tsarin da GroenLinks ma ke bi da nata dandalin, FemNet.

Har yau Holan ba ta taɓa samun firaminista mace ba, kuma galibin mata masu aiki a ƙasar aikin rabin lokaci suke yi, abin da ke rage musu albashi da fansho. Bayan murabus ɗin Timmermans, jagorancin ƙawancen ya koma hannun Jesse Klaver. Abin da matan jam'iyyun biyu za su zuba wa ido shi ne kundin tsarin mulkin jam'iyyar haɗakar: ko zai ba dandalinsu kasafin kuɗi da ikon gabatar da ƙuduri a babban taro, ko kuwa zai bar shi a matsayin wurin musayar ra'ayi kawai.