Ƙofar Makarantarmu Ƙofar Gidan Wani Ce

   

A wannan wata da kaina zan fara, domin laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Islamiyyar da nake koyarwa a nan Kano tana cikin wani layi ne na gidajen jama'a, kamar yawancin makarantunmu. Muna tashi ƙarfe 6 na yamma, daga Asabar zuwa Laraba. Wata ranar Talata ana dab da tashi, wata uwa ta zo ɗaukar 'yarta, ta shigo ofis muka zauna kan maganar haddar yarinyar. Daga hadda muka gangara tambayar mutanen gida, daga nan sai labarin wani biki. Muna jin hon da hayaniya a waje, amma da yake kullum haka ake yi, ko a jikinmu. Sai ga maigadi ya faɗo yana haki, yana tambayar mai jar mota.

Ashe motar baƙuwata ce ta toshe get ɗin gidan da ke kallon makarantar. Matar ɗan gidan naƙuda ta kama ta, mijin ya tayar da mota ya rasa ta inda zai fito. Ko da aka janye jar motar ma bai samu hanya ba, don layin ya riga ya cushe, motoci da adaidaita sahu sun yi gaba da gaba, kowa ya ce sai dai wani ya ja baya. Ƙarshe mata biyu ne suka riƙo ta, tana tafiya tana durƙusawa, har bakin titi, aka sa ta a adaidaita zuwa asibiti. Allah cikin ikonSa ta sauka lafiya.

Bayan suna sai ga Hajiyar gidan, dattijuwa mai kamala, ta yi sallama a ofis. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka. Ta ce, "Malama, ba faɗa ya kawo ni ba. Jikokina biyu a wajenki suke, ranar nan na ji suna biya hadisin maƙwabci, kuma sun iya shi sosai, Allah Ya saka miki. Shi ne na ce bari in zo in tambaya, mu da muke kallon ƙofarku, muna cikin maƙwabtan ko ba ma ciki?"

Wallahi na rasa bakin magana. Abin da na iya cewa kawai, "A yi mana afuwa, Hajiya, laifinmu ne." A nan ne ta gaya min cewa shekara da shekaru ba sa sa ran baƙi, ba sa aiken gaggawa, ba sa fitar da mota daga ƙarfe 5 da rabi har a kira Magariba. Sun tsara rayuwarsu ne a kan ƙararrawarmu, mu kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa tsallakawa mun ce musu sannu ba.

Na san duk wadda ke zaune kusa da makaranta, ta boko ce ko ta Islamiyya, ta san wannan hali. Bari mu duba yadda aka yi muka iso nan. Da yawa daga makarantu masu zaman kansu gidajen kwana ne aka mayar azuzuwa. Gidan da aka gina don iyali ɗaya da mota ɗaya, yau ɗaruruwan yara ne a ciki, layin kuwa yana nan yadda yake, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Jama'a kuma kullum ƙaruwa suke yi, tun a ƙidayar 2006 mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9. Sannan abin hawan ma ya canja. A da acaɓa ke kwasar yara ya sulale ta ko'ina, duk da hatsarinsa. Bayan an hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, sai aikin ya koma kan adaidaita sahu da motocin gida, waɗanda suka fi babur cin wuri nesa ba kusa ba.

Akwai kuma tsoro, kuma ba zan ga laifin kowace uwa a kansa ba. Mu da muka taso muna tafiya makaranta a ƙafa, yaya tana riƙe da hannun ƙanwa, yau ba ma iya sakin namu. Ba mu manta da yaran nan tara da aka sace a Kano aka gano su a Jihar Anambra a 2019 ba. Ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka ɗauke a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya a ƙarshen 2021 ba, Allah Ya jiƙanta. Don haka kowa so yake ya ga ɗansa ya fito daga get ya faɗa mota a kan idonsa. Niyyar mai kyau ce. To amma idan kowa ya ce sai ya tsaya a bakin get a minti ɗaya, lissafin ba zai yiwu ba.

A ce makaranta tana da ɗalibai 300, ababen hawa 60 suka zo ɗaukarsu. Kowace ƙaramar mota tana buƙatar wajen mita 6 kafin ta tsaya ta kuma iya fita. Idan rabinsu motoci ne, su kaɗai sun ci mita 180, ba a sa adaidaita ba, ba a sa mai awara da mai rake da mai askirim da ke jiran yaran ba. Faɗin mota ya kusa mita 2. A layin da faɗinsa bai wuce mita 6 ko 7 ba, ga lambatu hagu da dama, idan aka yi fakin ɓangare biyu, abin da ya rage a tsakiya na mota ɗaya ne tak. Da zarar ɗaya ta shigo ta gabas ɗaya ta yamma, shi ke nan, an kulle.

Addininmu bai bar wannan babi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai kan zaman hanya. Da suka nuna ba su da makawa, bai tilasta su tashi ba, sai ya umarce su da su ba hanya haƙƙinta, ya lissafa musu abubuwa biyar: runtse ido, kamewa daga cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Mu ma ba mu da makawa sai mun zo ɗaukar yaranmu, saboda haka sharaɗin nan ya hau kanmu. A wani hadisin na Muslim, kawar da abin cutarwa daga hanya shi ne mafi ƙanƙantar rassan imani. To wadda ake ba lada don ta ɗauke ƙaya, yaya matsayinta idan ita ce ta gindaya mota sukutum ta kulle ta tafi? Hadisi na 32 a cikin Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa tun suna ƙanana, hani ne ga cuta da cutarwa. A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i kuwa, Allah Ya ambaci kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa a jere da kyautata wa iyaye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Imam Ghazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya taɓo ainihin wannan mas'ala a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, inda yake lissafa munkaran da ake yi a kan tituna. A ciki ya sa ɗaure dabbar hawa a hanya ta yadda za ta ƙuntata wa masu wucewa, ya ce abin hanawa ne, sai dai gwargwadon buƙatar hawa da sauka. Jaki da doki ne motocin wancan zamani. Ƙa'idar ba ta tsufa ba: tsayawar hawa da sauka haƙƙinki ce, abin da ya wuce haka kin shiga haƙƙin wani.

Kuma ba maƙwabta kaɗai muke cutarwa ba. Yaran da muke gudun kada wani abu ya same su, su muka fi jefawa cikin hatsari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ɗan nazare bai kai tsayin but ɗin mota ba, mai yin ribas ba ya ganinsa a madubi. Yaron da ya fito a guje daga tsakanin motoci biyu, direba ba ya ganinsa sai ya riga ya shigo gabansa. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin fiye da mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 50 kuwa kusan mita 14, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce 30 a inda motoci ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa. A ƙofar makaranta ma 30 ɗin ta yi yawa. Ga hayaƙin salansa da yaran ke shaƙa daidai tsayin hancinsu, don an bar inji a kunne ana shan esi.

Wata za ta ce ai wannan aikin hukuma ne. Gaskiya ne akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, akwai KAROTA a Kano tun 2012, kuma wajibi ne masu ba da izinin buɗe makaranta su duba layin kafin su sa hannu. Amma babu hukumar da ke da jami'an da za ta tsayar a kowane lungu safe da yamma. Gyaran yana hannun mu da muke zuwa kullum.

Ga abin da muka yi a namu layin bayan zuwan Hajiya. Mun kira taron iyaye da malamai, muka gayyaci mai unguwa da maƙwabta. Aka amince a riƙa shiga layin ta kai ɗaya a fita ta ɗaya a lokacin tashi, fakin kuma ɓangaren katangar makaranta kawai. Aka raba tashi gida biyu, ƙanana su riga manya da minti 15, waɗanda suke 'yan gida ɗaya kuma su jira juna a ciki. Muka daina ganin iyaye a ofis lokacin tashi, mai magana da malama ta zo ana tsakiyar karatu. Idan za a yi walimar sauka, sai mun sanar da maƙwabta tun da kwanaki. Ba zan ce komai ya gyaru ba, har yanzu akwai masu kunnen ƙashi, amma get ɗin Hajiya a buɗe yake.

Ke kuma uwargida, ga naki. Ki ajiye mota nesa kaɗan inda akwai fili, ki tako. Tafiyar minti uku ba ta kashe kowa, kuma a cikinta ne za ki ji yadda yaron ya wuni. Ki riƙe hannunsa, kada ki taɓa tsayawa a tsallake ki yafito shi, domin idonsa a kanki zai kasance, ba zai dubi hanya ba. Yara su hau su sauka ta ɓangaren katanga. Idan kin haɗu da ƙawa, ku bar gaisuwar taga da taga a tsakiyar layi. Kada ki bar jariri a rufaffiyar mota ko da na minti biyar ne, musamman a zafin bazara. Idan direba kike aikawa, ko kina da ɗan adaidaitan da kuka yi jinga da shi, ki zaunar da shi ki gaya masa ƙa'idarki, ki kuma je wata rana ba zato ki ga yadda yake yi da kuma yara nawa yake lodawa. Da sunan gidanki yake tsayawa a ƙofar mutane. Ki yi wa maigida ma maganar cikin ladabi, idan shi ne mai ɗaukowa.

Sannan mu da muka iya adashi, me zai hana mu yi karɓa-karɓar ɗaukar yara? Gida uku ko huɗu da aka san juna aka amince da juna, kowa da ranarsa, a rubuta sunaye a ba makaranta don kada a miƙa yaro ga wanda ba a sani ba. Motoci huɗu sun koma ɗaya, ga sauƙin kuɗin mai, wanda kowa ya san yadda ya tashi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Idan makarantar a cikin unguwa take, babba ɗaya amintacce ya isa ya rako yaran layi guda a ƙafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na ƙarshe shi ne tarbiyya. Awa biyu nake yi ina koya wa yaro haƙuri da haƙƙin maƙwabci, sai ya fito ya tarar mamansa ta toshe ƙofar mutane, tana danna hon, tana musayar baƙar magana da ɗan adaidaita. Wanne darasi kike jin zai riƙe? Idan kin san akwai gidan da kika saba tare wa ƙofa, gobe in kin je ki yi sallama ki nemi afuwarsu, yaron yana tsaye yana gani. Haƙƙin bawa sai shi ya yafe, gara a nema tun ana duniya.

Allah Ya tsare mana zuri'armu a fitarsu da dawowarsu, Ya yafe mana haƙƙoƙin da muka ɗauka da sani ko da rashin sani.