Ƙarar Ƙafar Gaba: A Bincika Kafin A Fid Da Kuɗi

Ikilisiyar karkara da ta ɗan yi ƙarfi ba ta rasa tsohuwar a-kori-kura guda. Ita ke kwasar 'yan zumuntar mata zuwa taro, ita ke ɗauko masarar baiko, ita ce kuma motar asibiti in naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare. Tamu ta yi wata 4 tana gurnani daga ƙafar gaba, sau 3 kuma ma'aji yana fid da kuɗi a kanta. Aka sa sababbin tayoyi, aka taɓa birki, aka daidaita ƙafafun. Ƙara dai tana nan. Ina cikin waɗanda suka sa hannu a takardun kuɗin, saboda haka ba wani nake nuna wa yatsa ba.

A ganina laifin ba na bakanike kaɗai ba ne. Mukan je gareji mu ce "mota tana ƙara", mu yi shiru, kamar majiyyacin da ya ce wa likita ba shi da lafiya amma ya ƙi faɗin inda ke masa ciwo. Daga nan sai canke-canke, kowane canke kuwa da kuɗinsa. Alhali rabin binciken direba zai iya yinsa da kunnensa da hannunsa, ba ko kwabo.

A fara da notocin taya, gama sukan kwance, kuma minti 2 ya isa a duba su. Sa'an nan a hau kwalta mai kyau inda ba cunkoso, a saurara. In gurnanin yana ƙaruwa da gudun mota, a cire giya a bar ta ta gangara. Idan injin ya lafa amma ƙarar ba ta ragu ba, to ba daga injin take ba, daga abin da ke juyawa tare da taya ne. A ɗan karkata sitiyari hagu, a dawo dama, a hankali. Lokacin da aka karkata hagu nauyin mota yakan koma ƙafar dama, don haka in ƙarar ta ƙaru a nan, galibi boris ɗin dama ne ya ci. Na ce galibi, domin kunne yakan ruɗi mutum a cikin mota, shi ya sa ba a tsayawa a nan.

Taya ma takan yi irin wannan gurnani, nan ne mu muka yi asara. Bambancin shi ne ƙarar taya tana sauyawa da irin hanyar da aka hau, ta boris kuwa ba ruwanta da hanya. A shafa bayan tayar da tafin hannu, in an ji tudu da kwari ta ci ba daidai ba. Da mun mai da tayoyin gaba baya mun saurara ko ƙarar ta bi su, da ba mu sayi sababbi ba. Ta birki ba ta da wuyar ganewa, tana sauyawa da zarar an taka shi. Ƙwanƙwasa a kan gargada kuma zancen gaɓoɓin sitiyari ne ko shokazoba. Masu Hilux mai jan ƙafa huɗu su lura da ƙas-ƙas idan an murɗe sitiyari ƙarshe a kwana, wannan daga gaɓar sandar da ke juya tayar gaba yake. Peugeot 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna da ƙafar baya take ja, ba ta da wannan sanda a gaba, kada wani ya sayar muku da ita.

Daga ƙarshe a ɗaga ƙafar da jak, a tokare motar da abu mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashi. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga, a sake kamawa dama da hagu, sa'an nan a juya ta da hannu a ji ko tana gurzawa. Tamu ta dama tana gurza kamar dutsen niƙa, bayan 'yar tafiya kuma tsakiyarta ta fi ta hagu zafi nesa. Da aka buɗe, giris ya zama taɓo, gama duk damina motar tana ƙetare rafi. Kuɗin boris ɗin bai kai na taya ɗaya ba.

Wani dattijonmu ya ce tsohuwar mota ba ta rasa ƙara, a bar ta ta yi ta yi. Ina girmama shi, amma ban yarda ba. Boris da ya bushe yakan yi zafi har ya kama, wani lokaci ƙafar ta fita ɗungum, kuma a bayan motar nan iyayenmu mata ne suke zaune, ba abin riƙewa sai gefen bodi. Na kai wa majalisar dattawa shawara cewa ma'aji kada ya ƙara sakin kuɗin gyara sai direba da bakanike sun zaga da motar tare, sun kuma nuna mana abin da ya lalace a hannu. Za a tattauna ta a zaman wata mai zuwa.