Sharhi: Tiyatar fatar ido da buƙatar horar da likitoci a aikace

Kwarmin idon ɗan Adam ɗan ƙaramin gurbi ne da ƙasusuwa bakwai suka kewaye, wanda cikinsa bai wuce kimanin mililita 30 ba. A nan ƙwayar ido take, tare da tsokoki shida masu juya ta, da jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa. Kuskure kaɗan a wannan wuri na iya barin mutum da fatar ido a saɓule, ko ganin abu bibbiyu, ko makanta.

Saboda haka karatun littafi da kallon hoto ba sa wadatar da likitan tiyata. Sai ya feɗe da hannunsa, ya ga yadda tsoka da jijiya suke kwance, kafin ya ɗora wuƙa a fuskar mai rai.

Buƙatar tana da girma a Najeriya. Cutar amosanin ido, wadda ta daɗe tana addabar wasu jihohin Arewa, kan lanƙwasa fatar ido ciki har gashin ya riƙa gogar ƙwayar, ya haifar da hakiya. Maganin wannan mataki tiyata ce, kuma idan aikin bai yi kyau ba gashin yakan koma ciki. Haɗurran babura ma kan fasa siririn ƙashin da ke ƙasan kwarmin, tsoka ta maƙale a tsagar.

Matsalar ita ce ƙarancin gawarwakin koyarwa. Makarantun likitanci sun dogara ne galibi da gawarwakin da ba a samu masu su ba, a ƙarƙashin dokar da aka kafa tun 1933, kuma al'ada da addini sun sa mutane ba sa sadaukar da jikinsu.

Akwai mafita ta wucin gadi. Ana amfani da kan roba mai suna HEAD START wajen koyar da tiyatar amosanin ido, inda mai koyo ke yanka da ɗinki sau da yawa kafin ya taɓa majiyyaci. Sai dai roba ba ta nuna zurfin kwarmin ido yadda gawa ke nunawa.

Ghana ta kawar da amosanin ido a matsayin barazana ga lafiyar al'umma a 2018, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya 2030 a matsayin wa'adi ga sauran ƙasashe. Idan Najeriya na son cika wa'adin, wajibi ne a sabunta dokar, a kuma wadata cibiyoyi irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da ɗakunan horo na dindindin.