Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Ƙera Ƙananan Tankokin Yaƙi a Aderbissinat



Garin Aderbissinat yana zaune ne a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Tanut ta nufi Agadas, saboda haka yaron da ya tashi a nan ya saba ganin manyan motocin kaya da ƙananan motocin jeji tun kafin ya iya karatu, kuma kamar takwarorinsa na sauran garuruwan Sahel yakan kwaikwaye su da karan gero da gwangwani da waya da tsohon silifa. Wannan wasiƙa tana magana ne da waɗanda suka wuce wannan mataki, suka fara sa wa abin da suke ƙerawa inji da batir da rimot, musamman masu sha'awar tankar yaƙi, wadda ita ce mafi wuya a cikin dukkan abin hawa na ƙasa domin a kan sarƙa take tafiya. Babbar shawarar da za a ba su ita ce su sa awo a gaba da komai, domin awo ne kaɗai yake raba abin wasan yara da aikin gwani.

Abin da masana wannan fanni suke kira ma'aunin ƙanƙantawa shi ne adadin da ake raba kowane tsawo na ainihin abu da shi don a sami tsawonsa a ƙaramin samfuri. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa ga tankokin da ake sarrafawa daga nesa shi ne 1:16, wato kowane santimita 16 na babbar tanka ya koma santimita 1, kuma a kansa ne kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da samfurin tankar Sherman mai rimot a shekarar 1974. Idan aka ɗauki T-55, tankar Tarayyar Sobiyet wadda tsawonta har da bakin igwa ya kai kimanin mita 9, faɗinta kuma ya ɗan haura mita 3, samfurinta zai zo da tsawon santimita 56 da faɗin kusan santimita 20. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna gangar jiki daidai, sannan a ƙera ƙafafu da ƙofofi da bakin igwa da ido kawai, sai a wayi gari ƙofar da ya kamata mutum ɗaya ya ratsa da ƙyar ta zama wadda raƙumi zai shiga. Gudu ma yana bin wannan lissafi, kuma nan ne matasa suka fi ƙin jin magana: tankar da iyakar gudunta bai wuce kilomita 50 a awa ba, samfurinta bai kamata ya wuce kilomita 3 a awa ba, wato tafiyar mutum a natse. Wanda ya bar samfurinsa yana tsere kamar motar wasa ya zubar da nauyin da ya sha wahalar nunawa, domin ainihin T-55 tan 36 ce, kuma ido yana gane nauyi ne daga yadda abu yake tashi da yadda yake tsayawa.

Zaɓen T-55 a matsayin misali yana da dalili, domin tanka ce da ta taka yashin Sahara da gaske. A farkon shekarar 1987 sojojin Chadi, waɗanda yawancinsu suke cikin motocin Toyota a-kori-kura, sun fatattaki rundunar Libiya mai ɗimbin irin waɗannan tankoki a Fada da Wadi Dum, kuma hotunan gawarwakin tankokin a arewacin Chadi sun fi kowane zane amfani ga mai ƙira na wannan yanki. Daga gare su zai ga cewa T-55 tana da ƙafafu biyar a kowane gefe, da tazara mai faɗi tsakanin ta farko da ta biyu, alhali a T-62 tazarar tana can wajen ƙafafun baya. Zai kuma ga cewa ƙafar haƙora mai jan sarƙa tana baya, ba a gaba ba kamar ta Sherman, kuma sarƙar sama tana kwanciya ne kai tsaye a kan ƙafafun. Irin waɗannan bambance-bambance su ne masani yake fara dubawa. Wanda sarƙa ta gagare shi a karon farko yana iya farawa da mota mai sulke ta Panhard AML, ƙirar Faransa mai taya huɗu, wadda rundunar sojan Nijar ta daɗe tana aiki da ita.

Tanka ba ta karya kwana irin yadda mota take yi. Tana juyawa ne idan sarƙar gefe ɗaya ta rage gudu ko ta koma baya yayin da ɗayar take ci gaba, don haka samfuri yana buƙatar inji biyu masu ƙarfi ɗaya, kowanne da nasa akwatin giya, wato jerin faifai masu haƙora da suke rage gudu su ƙara ƙarfin ja. Ana samun irin waɗannan injina a tsofaffin na'urorin buga takarda da rediyon kaset, amma wajibi ne a gwada su tare kafin a ɗaura, in ba haka ba samfurin zai riƙa karkata gefe guda. Rimot na zamani yana aiki a kan zangon 2.4 GHz, inda na'urar aikawa take ƙulla alaƙa da na'urar karɓa guda ɗaya, saɓanin tsofaffi masu 27 MHz waɗanda saƙonninsu sukan shiga juna idan an taru. Sai dai ƙarfe yana tare wannan saƙo, kuma tun da yawancin masu ƙira na nan da kwano da gwangwani suke aiki, dole ne wayar eriya ta leƙo waje, ko a yi wani sashe na rufin da roba.

Ƙasar nan tana da nata sharuɗɗa, waɗanda littattafan Turai ba su cika kula da su ba. Giris, wanda a wasu wurare yake kare giya, a nan yakan kama yashi ya koma tamkar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi shi ne a rufe akwatin giya ruf, a sa mai kaɗan a cikinsa, sarƙa da ƙafafu kuwa a bar su a bushe ko a goga musu garin bakin fensir. Batir irin na 18650, wanda ake cirowa daga tsofaffin kwamfutocin hannu, yana ba da bolt 3.7, kuma guda biyu a jere sun isa tuƙa samfuri, amma ba a cika shi ya wuce bolt 4.2, ba a haɗa shi da farantin sola kai tsaye ba tare da da'irar da take tsayar da caji ba, ba a kuma yi masa caji a rana tsaka a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Wanda ya kumbura ko ya huje a nisanta shi da ɗaki da yara, domin wutarsa tana da wuyar kashewa.

Wurin da ɗan Aderbissinat zai iya fin kowa shi ne ƙawata samfuri da alamun tsufa, wato a sa fenti ya nuna cewa tankar ta yi aiki a jeji. Masu kwaikwayon hotunan ƙasashen damina sukan cika tsatsa da taɓo, alhali a busasshiyar ƙasa tsatsa kaɗan ce, rana ce take kashe launin fenti, yashi kuma yana goge sarƙa har ta yi ƙyalli. Tsayuwar rabin yini a tashar mota tana koyar da wannan fiye da kowane allo: ƙura tana taruwa a lunguna da bayan ƙusoshi da duk inda mai ya zuba, fenti kuma yana ɓarewa ne a gefuna da wuraren da hannu da takalmi suke yawan taɓawa. Ƙasar garin ita ce mafi dacewar launi idan aka kwaɓa ta da gam ɗin katako da aka tsinka da ruwa, amma a nan ma awo bai saki mai ƙira ba, domin ƙwayar yashi mai milimita 1 tana daidai da tsakuwa mai milimita 16, don haka sai an tace ƙasar da ƙyalle mai laushi. Ƙananan sassa kamar ƙugiyoyi da marikan ƙofa, waɗanda gwangwani ba ya iya fitar da su, maƙeran Abzinawa suna iya zuba su da tagulla ta hanyar kakin zuma, dabarar da suke ƙera kayan ado na Agadas da ita, kuma abin takaici ne a ce sana'o'in nan biyu suna gari ɗaya ba su san juna ba.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Jihar Agadas ta ga tawaye a shekarun 1990, wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta kawo ƙarshensa, ta kuma sake ganin wani daga 2007 zuwa 2009, kuma akwai gidajen da har yau ba sa kallon kayan yaƙi a matsayin abin nishaɗi. Saboda haka ya dace mai ƙira ya nemi awonsa a littattafai da intanet, kada ya ɗauki hoton motocin soja ko shingayensu, kada ya gwada samfurinsa kusa da su. Wasu samfuran da ake sayarwa suna harba ƙwayar roba mai milimita 6, wadda ta isa ta lalata idon yaro. A inda yara suke taruwa kallo, fitila ƙarama a bakin igwa da ɗan ja da baya na inji sun wadatar wajen nuna harbi.