Mai Son Koyarwa a Japan, Ya Fara Riƙe Alli a Gida

A 'yan shekarun nan, in aka tambayi ɗaliban aji shida abin da za su yi bayan sun gama, ba a rasa biyu ko uku da za su ce Japan za su tafi su koyar da Turanci. In aka bi diddigi sai a tarar katun ne irin su Naruto, da wasan karate, da hotunan jirgin ƙasa mai gudu kamar iska da suke gani a waya. Mu malamanku ba mu ga laifin wannan buri ba. Japan dai ba baƙuwa ba ce a Danchadi. Honda da Yamaha da 'yan kabu-kabu ke hawa zuwa Bodinga, da injin ban-ruwa da ke ta ƙara a fadama lokacin albasa, da Toyota da ke jigilar fasinja zuwa Sakkwato, duk sunayen can ne. Wanda ya yi sha'awar ganin mutanen da suka ƙera su ya yi tunani.

Abin da ke damunmu shi ne, a cikin zancen nan Japan ake so, koyarwar kuwa an mai da ita kuɗin mota kawai.

Hanyar tana nan, ba tatsuniya ba ce. Tun 1987 gwamnatin Japan ta kafa shirin JET, wanda ke ɗauko matasa daga ƙasashen waje su taimaka wajen koyar da Turanci a makarantunta. Yawancinsu daga Amurka da Ingila da Kanada da Ostareliya suke zuwa, akwai kuma 'yan Afirka ta Kudu. Ban da shi akwai kamfanoni masu ɗaukar malamai su rarraba wa makarantu. Galibi digiri ake nema, ana kuma duba ko mutum ya yi shekara 12 yana karatu da Turanci. To amma ku lura da sunan aikin: mataimakin malami. Malamin ajin ɗan Japan ne, shi ke riƙe da manhaja. Kuma ba kowa ake ajiyewa a Tokyo ba. Ana iya tura mutum wani ƙauye a tsakanin duwatsu, inda ƙanƙara ke rufe hanya, inda mai kanti da likita ba su jin Turanci. A nan katun ba zai cece shi ba. Rubutunsu kala uku ne, kuma haruffan kanji da ake sa ran mai ilimi ya sani sun kai 2,136. Wanda Turancin WAEC ya sa shi gumi, sai ya yi lissafi tun yanzu.

Yaron da ke zaune a aji a can, yaro ne kamar na firamaren Danchadi. Yana jin kunyar buɗe baki, yana gajiya, yana kuma gane malamin da ya zo ba shiri. Bai san kana son ƙasarsa ba, kuma ba ruwansa. Abin da ya sani shi ne ko ya fahimci darasin yau. Iya shirya darasi, da haƙurin maimaita abu sau biyar, da gane yaron da ya ce "na gane" alhali bai gane ba, ba a jirgin sama ake koyonsu ba. A aji ake koyo, irin wanda ke da yara da yawa da littafi kaɗan. Wannan kuwa muna da shi a nan har ya yi yawa. Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, har ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasa. Sai da ya sha ƙurar alli kafin duniya ta san shi.

Mu kuma yi hattara da labarin da ya fi zuma daɗi. A watan Agusta na 2025, lokacin taron TICAD a Yokohama, hukumar JICA ta haɗa birnin Kisarazu da Nijeriya don zumunci. Nan da nan zance ya bazu cewa za a buɗe wa matasanmu biza ta musamman. Japan ta musanta, mutanen can suka yi ta ƙorafi, kafin ƙarshen Satumba an soke shirin gaba ɗaya. Wanda ya sayar da ragonsa saboda wannan labari, sai dai a yi masa jaje. Ƙofar gaskiya ba ta da hayaniya: ofishin jakadancin Japan a Abuja shi ke tallata guraben karatu na gwamnatinsu, kuma ba ta hannun dillali ake shiga ba.

Akwai kuma wata hanya da ɗalibanmu ba su cika sani ba. A 1987 ɗin nan dai Nijeriya ta kafa shirinta na TAC, mai tura malamai da likitoci aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Su ma ƙwararru suke ɗauka, ba masu sha'awa ba.

Wani zai ce muna kashe wa yara gwiwa ne don mu riƙe su a gida. Ko kusa. Mai son Japan da gaske sai ya dubi yadda ta tashi. Bayan 1868 ta ɗauko malamai da injiniyoyi daga Turai da Amurka, ta biya su da tsada, ta sa 'ya'yanta su koya, suka juya littattafan kimiyya zuwa harshensu, sa'an nan suka karɓi aikin. Har yau ɗalibansu ne ke share ajinsu da goge daɓe, abin da wasunku ke ɓuya a bayan ɗakin kwana don gudunsa kowace safiya.

Saboda haka ga shawararmu ga 'yan aji shida masu wannan niyya. Ku nemi shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku karanta Turanci da koyarwa. Lokacin gwajin koyarwa kada ku roƙi a bar ku cikin gari. Ku fara koyon harshen Japan ko da harafi biyar ne a mako, tun da wayar da kuke kallon katun da ita tana iya wannan ma. Kuma ku riƙe Hausarku da kyau, domin yaran can za su tambaye ku yadda ake gaisuwa a garinku, da abin da ake ci, da waƙar da ake yi wa amarya.