Ayar da Ake Tsallakewa a Zabura ta 137

Zabura ta 137 tana cikin waƙoƙin Tsohon Alkawari da suka fi ratsa zuciya. Mutanen da aka kwaso daga Urushalima ne zaune a bakin kogunan Babila, sun rataye garayunsu, waɗanda suka kamo su kuma suna matsa musu su rera waƙoƙin gida. Ayoyi shida na farko kowa yana son su. A ta tara ne muryar mai karatu kan sarƙe, domin a nan mawaƙin ya sa albarka ga duk wanda zai kama jariran Babila ya fyaɗa su da dutse.

An daɗe ana neman mafita daga irin wannan nassi. A ƙarni na biyu Markiyon ya yanke cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam yake da Uban Yesu, ya watsar da littattafan baki ɗaya. Ikkilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144. Benedikt, cikin ƙa'idar da ya rubuta wa sufaye a ƙarni na shida, ya ɗauki zancen a matsayin ishara: jariran su ne miyagun tunani tun suna tsirowa, dutsen kuwa Almasihu. Cocin Katolika, da ya sabunta littafin addu'o'in yini bayan babban taron Batikan na biyu, ya cire ayoyi uku na ƙarshe, haɗe da Zabura ta 58 da 83 da 109 ɗungurungum.

Hanyoyi biyun ƙarshe suna da uzurinsu, musamman a sujadar da yara ke zaune. Amma duka ukun sun kawar da mutumin da ya yi waƙar.

Shi kuwa yana da tarihi. Wajen 586 kafin haihuwar Almasihu rundunar Nebukadnezzar ta rushe Urushalima, ta ƙone Haikali, bayan kewayewar da ta jefa birnin cikin yunwa. Littafin Sarakuna na Biyu ya ba da labarin yadda aka yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Fyaɗa jarirai sananniyar ta'asar yaƙi ce a zamanin. Hosiya da Nahum da Ishaya duk sun ambace ta. Aya ta takwas ta fayyace cewa ramuwa mawaƙin yake nema, a yi wa Babila daidai abin da ta yi musu.

Wannan bai wanke burin ba. Mummuna ne, jaririn Babila bai rushe garin kowa ba. Sai dai zabura addu'a ce, ba doka ba. Mai maganar bawa ne marar takobi, ya kawo ƙiyayyarsa tsirara gaban Allah ya ajiye. Bayin da ke Babila ne kuma Irmiya ya rubuta wa wasiƙa, a sura ta 29, cewa su gina gidaje, su roƙa wa Babila alheri. Waɗanda suka tattara littafin sun bar muryoyin biyu, ba su shafe ko ɗaya ba.

Haɗarin yana nan, babu musu. Kalmomin da suke kuka a bakin bawa, in suka faɗa bakin mai iko ko mai wa'azin da ke neman tunzura matasa, sai su zama wuƙa. Maganinsa shi ne a karanta ayar tare da tarihinta, a faɗi a fili cewa babu wanda aka umarta ya aikata ta.

A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, kusa da Mubi, cocin da koyarwarsa ta ginu a kan ƙin ɗaukar makami. Fasto da zai tsaya gaban jama'ar da ta gudu daga irin wannan wuri, ya karanta ayoyi shida ya rufe littafin, kamar ya gaya musu ne cewa Allah yana karɓar hawayensu, fushinsu kuwa sai su nemi wani wurin kai shi.